Ƙanjamau daga 1981 zuwa yau: yadda aka samu magani, da wanda ke biyan kuɗinsa

Rubutun nan yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya natsu.

Tun ranar 20 ga Janairun 2025 da Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90, na lura muhawararmu ta rabu biyu. Wasu na cewa gara haka, dama tallafin nan akwai lauje cikin naɗi. Wasu kuma, yawancinsu ma'aikatan lafiya, hankalinsu ya tashi matuƙa. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne mutum wajen miliyan biyu a Najeriya da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Akasarinsu suna shan magani kullum, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin maganin daga waje yake zuwa. Yaran da aka haifa bayan shekarar 2000 ba su ga zamanin da cutar nan take cin mutane babu magani ba. Shi ya sa na ga ya kamata in bi tarihin daki-daki, mu san wahalar da aka sha kafin ƙwayar maganin ta iso hannun talaka.

Mu fara da ita kanta garkuwar. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyin halitta, su ne dakarun jiki. Wasu suna haɗiye ƙwayar cuta, wasu suna ƙera makamin da ke manne mata, wasu kuma aikinsu su haddace kamanninta don in ta sake dawowa a gane ta tun daga bakin ƙofa. A kan wannan haddar aka gina allurar rigakafi. To, garkuwar nan tana samun tangarɗa ta fuskoki daban-daban. Wani lokaci takan yi zafin kai, ta tayar da yaƙi a kan abin da ba ya cutarwa kamar ƙura ko gyaɗa ko ƙwai, sai ka ga borin jini ko asma. Wani lokaci ta juya wa jikin da aka sa ta tsaro, kamar ciwon sukarin da ke kama yara, inda take lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, ko ciwon lupus, ko ciwon gaɓoɓin da ke kumbura yatsu har su karkace. Wani lokaci kuma rauni take yi. Akwai jariran da ake haifa kusan babu ita, irin David Vetter, yaron jihar Texas da ya yi shekara 12 cikin rumfar roba har ya rasu a 1984. A wajenmu kuwa babban mai raunana ta shi ne tamowa. Ƙyanda ma tana goge wa garkuwar yaro abin da ta haddace, sikila kuma tana lalata saifa, wadda ke tace jini daga wasu ƙwayoyin cuta.

Ita ƙwayar HIV abin da ya sa ta zama daban shi ne inda take kai hari. Akwai wasu fararen ƙwayoyin da ake kira CD4, su ne kwamandojin da ke ba sauran dakarun umarni. Cikinsu take shiga, ta mayar da su masana'antar haihuwar 'ya'yanta, ta kashe su. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ma'aunin jinin da ake aunawa. In babu magani, adadin yana ta raguwa a hankali, sau da yawa shekara takwas zuwa goma mutum na yawonsa garau, yana noma, yana kasuwa, yana aure. Idan ya faɗo ƙasa da 200, an shiga matakin da ake kira ƙanjamau. Daga nan cututtukan da a da jiki ke korewa ba tare da ka sani ba su ne za su taso: gudawar da ba ta tsayawa, farin baki, sanƙarau, uwa uba tarin fuka, wanda har gobe shi ne ya fi kashe masu ɗauke da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duniya ta fara farga ne ranar 5 ga Yunin 1981, lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton wasu samari biyar a Los Angeles da suka kamu da wani ciwon huhu wanda ba ya kama mai ƙarfin garkuwa. Da yake dukkansu maza ne masu neman maza, sai aka yi gaggawar liƙa wa cutar tambarin mutane iri ɗaya. Ba a je ko'ina ba aka gan ta a jikin waɗanda aka yi wa ƙarin jini, da matan aure, da jarirai. A 1982 aka raɗa mata suna AIDS. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na cibiyar Pasteur da ke Paris suka ware ƙwayar, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2008. Robert Gallo na Amurka ya tabbatar a 1984 cewa ita ce sanadi. Gwajin jini ya fito a 1985, sunan HIV kuma aka tsayar da shi a 1986.

Amma fa 1981 shekarar ganewa ce kawai. Cutar ta girmi haka nesa ba kusa ba. Masana sun bi salsalar ƙwayar kamar yadda ake bin nasabar gida, suka gano kakarta tana jikin birai nau'in cimfanzi a dazukan kudu maso gabashin Kamaru. Ta tsallako jikin ɗan Adam a farkon ƙarni na 20, kuma abin da aka fi rinjayarwa shi ne ta hanyar jinin naman daji, wajen farauta ko fiɗa. Daga can ta bi kogi ta gangara birnin Kinshasa, wanda a lokacin Turawan Beljiyam ke kira Leopoldville. A nan ta samu wurin zama tun wajejen 1920: birni mai cike da leburori maza da aka raba da iyalansu, ga layin dogo mai kwasar dubban mutane, ga asibitocin mulkin mallaka da ke yi wa jama'a allura da sirinji ɗaya ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Jini mafi daɗewa da aka samu ƙwayar a cikinsa an ɗebe shi ne a Kinshasa a 1959. Bayan Kwango ta samu 'yanci a 1960, ƙwararru 'yan ƙasar Haiti da yawa sun je aiki can, kuma ta wannan hanyar ake ganin ta tsallaka teku, ta isa Amurka wajejen 1970. Akwai ma ƙanwarta, HIV ta biyu, wadda ta fito daga wani ƙaramin biri na Afirka ta Yamma, aka gano ta a tsakiyar shekarun 1980, kuma masanin Senegal Souleymane Mboup yana cikin waɗanda suka yi aikin.

Na san wani zai ce, to ina labarin da muka taso muna ji cewa a ɗakin gwaji aka ƙera ta don a rage baƙar fata? Wannan labarin shi ma yana da tarihinsa. A 1983 wata ƙaramar jarida a Indiya mai suna Patriot ta buga wasiƙar da ba sa hannu, tana cewa sojojin Amurka ne suka ƙirƙiri cutar. Hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, ita ta dasa labarin, aka yi ta yaɗa shi a jaridun ƙasashe da dama, har shugaban leƙen asirin Rasha Yevgeny Primakov ya amsa hakan a 1992. Ƙwayar da ke jikin mutane tun kafin 1930 ba yadda za a yi a ce an ƙera ta a zamanin da ko tsarin ƙwayar halitta ba a sani ba. Sai dai ban ga laifin wanda ya yi zargi ba. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda zai ƙare da su. A Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75 a 2009. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Matsalar ita ce zargin ya sa mutane da yawa sun ƙi gwaji, sun ƙi magani, kuma mu muka yi asarar, waɗanda muke zargi ko a jikinsu.

A Afirka, Yuganda ce ta fara ɗanɗana kuɗarta a fili. Tun 1982 mutanen yankin Rakai ke ganin wata cuta mai tsotse mutum har ya zama ƙashi da rai. Da Yoweri Museveni ya hau mulki a 1986, sai ya riƙa maganarta a bainar jama'a, a rediyo da wuraren taro, ya jawo limamai da fastoci cikin aikin. Wata ma'aikaciyar lafiya, Noerine Kaleeba, da mijinta ya rasu da cutar, ta haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar TASO a 1987 don kula da masu jinya. A 1989 fitaccen mawaƙinsu Philly Lutaaya ya fito ya ce yana ɗauke da ita, ya zagaya makarantu yana gargaɗi har ya rasu a ƙarshen shekarar. A Zambiya, Shugaba Kenneth Kaunda ya shaida wa duniya a 1987 cewa cutar ce ta kashe ɗansa. Yuganda ta samu saukar yaɗuwar cutar sosai a shekarun 1990, tun kafin magani ya iso gare su. Magana a fili ita ta fara yin aiki.

Mu kuwa a Najeriya an ga masu cutar na farko a 1985, aka sanar a 1986, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 13. Martanin yawancin mutane shi ne musu. Wasu suka ce cutar Turawa ce, wasu suka ce dabara ce ta hana mu haihuwa. Da ta fara shiga unguwanni sai muka koma yi mata laƙabi. Sunan ƙanjamau kansa daga ƙanjamewa ya fito, wato siffar mutumin da ya rame ya bushe. Wasu na ce mata kabari salamu alaikum. 'Yan uwanmu na Nijar suka ɗauki sunan Faransanci, sida. A gidaje kuwa ba a kiran sunanta ko kaɗan: sai a ce taifod ne ya ƙi jin magani, ko sammu, ko iska. Miji ya rasu bayan doguwar jinya, matar ta gama takaba ta yi wani auren, ba wanda ya ce a je a duba jini. Haka ta riƙa bin gidajen mutanen da ba su taɓa aikata abin da ake zargin masu ita da shi ba.

Alƙaluman da ake tattarawa daga mata masu zuwa awon ciki sun nuna yadda abin ya hau: kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya kai kashi 5.8 a 2001. Cikin wannan tsakanin ne aka yi abin da ya girgiza ƙasar. Fela Anikulapo-Kuti ya rasu ranar 2 ga Agustan 1997, washegari yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya tara 'yan jarida ya faɗi abin da ya kashe ƙaninsa. Ku auna nauyin wannan a al'adarmu ta rufa wa mamaci asiri. Mutumin ya zaɓi ya ɗauki surutun dangi da na masoya don miliyoyin da ke musu su san abin gaske ne. Nelson Mandela ma haka ya yi a Janairun 2005 da ɗansa Makgatho ya rasu.

Inda tsoro ya yi yawa kuma magani ya yi nisa, nan kasuwar masu da'awar warkarwa ke ci. A ƙarshen shekarun 1990 wani likita a yankin Abuja, Jeremiah Abalaka, ya ce ya samo allurar da ke warkar da cutar. Mutane suka yi ta tururuwa, har manya suka mara masa baya, sai a 2000 gwamnatin tarayya ta hana amfani da ita. Har yau babu wani gwaji mai zaman kansa da ya tabbatar da iƙirarin. A Gambiya, Shugaba Yahya Jammeh ya sanar a Janairun 2007 cewa yana warkar da ita da haɗin ganyayyaki, da sharaɗin majinyaci ya bar maganin asibiti. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta nuna shakka korar ta aka yi daga ƙasar. Wasu daga cikin majinyatan sun mutu, waɗanda suka tsira suka kai shi kotu a 2018. Mafi muni shi ne na Afirka ta Kudu, inda Shugaba Thabo Mbeki ya riƙa shakkar cewa HIV ce ke jawo ƙanjamau, ministar lafiyarsa kuma tana tallar tafarnuwa da lemon tsami. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta jinkirin raba magani ya jawo mutuwar mutum sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Wannan fa ba jahilan ƙauye ba ne, shugabannin ƙasa ne. Don haka in ka ji mai lasifika a tasha ko a TikTok yana cewa kwalba uku ta wanke jini tas, ka sani an yi waɗanda suka fi shi baki, kuma kaburbura suka bari.

Shi maganin gaskiya a hankali ya zo. AZT ya samu amincewa a 1987, amma shi kaɗai ƙwayar takan saba da shi cikin watanni. A 1994 aka gano yana rage yaɗuwa daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Babban sauyi ya zo a 1996, a taron Vancouver ta Kanada, da aka nuna cewa haɗa magunguna uku a lokaci guda yana danne ƙwayar har a kasa ganin ta a gwaji. Mutanen da aka fitar da rai da su suka miƙe suka koma aiki. Sai dai kuɗin ya kai dala 10,000 zuwa 15,000 ga mutum ɗaya a shekara. Ma'ana a Turai da Amurka cutar ta zama ciwon da ake rayuwa da shi, a Afirka kuwa ana ta haƙa kabari. Mace-mace a duniya sun kai ƙololuwa wajejen 2004, kusan mutum miliyan biyu a shekara guda, mafi yawansu a nahiyarmu.

Farashin nan bai sauko don tausayi ba, kokawa aka yi. A taron Durban na 2000 wani yaro ɗan shekara 11 da aka haifa da cutar, Nkosi Johnson, ya tsaya gaban dubban mutane ya roƙi a daina ƙyamar irinsu, a kuma bai wa mata masu ciki magani. Ya rasu a Yunin 2001. A Fabrairun 2001 Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya ce zai sayar da haɗin magungunan uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. A Afrilun shekarar kamfanonin magani 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu don hana ta shigo da mai rahusa suka janye ƙarar, saboda duniya ta yi musu ca. A cikin watan ne kuma shugabannin Afirka suka taru a Abuja, Obasanjo na mai masauki, suka yi alƙawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. A wurin taron Kofi Annan ya yi kiran a kafa asusun duniya na yaƙi da cutar, aka kafa shi a 2002. A Janairun 2003 Shugaba George W. Bush ya sanar da shirin PEPFAR da dala biliyan 15 na shekara biyar. Duk abin da mutum zai faɗa game da Bush da yaƙin Iraƙi, kuma akwai abin faɗa, shirin nan an ƙiyasta ya ceci rai wajen miliyan 25.

Najeriya ta fara nata shirin raba magani a 2002, da niyyar ɗaukar manya 10,000 da yara 5,000, majinyaci na biyan naira dubu a wata. A 2006 aka mayar da shi kyauta. Kwamitin da Obasanjo ya kafa a 2000 ya zama cikakkiyar hukumar NACA a 2007. A 2014 aka yi dokar da ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda yana ɗauke da ƙwayar. A 2018 aka yi babban binciken gida-gida, sakamakon da Shugaba Buhari ya bayyana a Maris ɗin 2019: kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9. Akwa Ibom da Binuwai ne a sama, Katsina da Jigawa a ƙasa. Arewa maso Yamma gaba ɗaya kashi 0.6 ne, Nijar ma ƙasa take da kashi ɗaya. Kada wannan ya sa mu saki jiki. Kaso kaɗan na jama'a mai yawa, mutane ne masu yawa, kuma inda ake ganin cutar ba ta da yawa nan ɓoyo ya fi tsanani.

Yau mai ɗauke da ƙwayar ƙwaya ɗaya yake sha a rana. In ya fara da wuri ya kuma riƙe, zai iya tsufa kamar kowa. Bincike tun daga 2011 ya tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayar a jininsa har ba a ganin ta ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya. Uwa mai ɗauke da ita, in ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari ke kamuwa, in tana kan magani kuwa abin yana sauka ƙasa da 5. Amma maganin dannewa yake yi, ba ya kashewa. Ƙwayar tana laɓe a wasu sassan jiki, ka daina sha 'yan makonni ta taso, wani lokaci ma ta taso da taurin kan da maganin farko ba zai ƙara yi mata ba. 'Yan tsirarun da aka tabbatar sun warke, irin Timothy Ray Brown da aka yi wa dashen ɓargo a Berlin a 2007, an yi musu ne saboda sankarar jini, aiki mai hatsarin da ba a yi wa mai lafiya. Sauro ba ya yaɗa ta, haka cin abinci kwano ɗaya, ko musabaha, ko buta ɗaya. Hanyoyinta su ne jima'i, da jini, da allura ko askar da ba a tsabtace ba, da uwa zuwa ɗa.

Kun ga ke nan abin da ya sa ma'aikatan lafiya suka firgita a Janairun 2025. Amurka ta zuba sama da dala biliyan 6 a yaƙi da cutar a Najeriya tun fara PEPFAR. Daga baya an sassauta umarnin ga magungunan ceton rai, amma hukumar USAID an rufe ta a Yulin shekarar, kuma ayyuka da yawa na gwaji da wayar da kai da bin sawun majinyata sun tsaya. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, aka kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓi. An yi ƙoƙari, amma ɗinkin gaggawa ne. Tun bayan alƙawarin da aka yi a babban birninmu, ba mu taɓa kai kashi 15 ɗin ba, yawanci muna yawo ne tsakanin 4 da 6. Ni ban ga amfanin zagin Trump a kan wannan ba, kuɗin ƙasarsu ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Tambayar da ta kamata mu yi wa gwamnoninmu da 'yan majalisarmu ita ce nawa suka sa wa wannan a kasafin bana, nawa aka saki a zahiri, kuma yaushe za a fara haɗa maganin a cikin gida.

Abin takaicin shi ne janyewar ta zo daidai lokacin da kimiyya ta kawo sabon makami. A gwajin da aka yi wa 'yan mata da matasan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda aka bayyana a 2024, allurar lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara ta kare duk waɗanda aka yi wa, ko ɗaya ba ta kamu ba. Amurka ta amince da ita a Yunin 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a Yuli, kuma an cim ma yarjejeniyar kamfanonin Indiya su sayar da ita a kan dala 40 a shekara daga 2027. Labarin 1996 ne yake neman maimaita kansa: magani ya samu, saura wa zai biya.

Akwai kuma rabon da yake namu, wanda ba ya jiran Washington ko Abuja. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ake haifa da cutar, dalili kuwa mata da yawa ba sa zuwa awon ciki, wasu kuma an gwada su amma suna tsoron faɗa wa miji don kada a sake su. Maigida, in matarka na da ciki ka kai ta awo, kai ma ka miƙa hannu a ɗebi naka. Gwajin kafin aure da Kano ta mayar doka a 2024 abu ne mai kyau, da sharaɗin a daina sayen takardar bogi, kuma ma'aikacin da ya ga sakamako ya kama bakinsa. Ranar da sirrin mutum ɗaya ya fita unguwa, mutum goma sun fasa zuwa gwaji ke nan. Wanzamai da masu yankan farce su riƙa sabuwar reza ga kowane mutum. Wanda kuma yake kan magani, don Allah kada ya bari saboda ya ji ƙarfi, ko saboda wani ya ba shi rubutu ko sassaƙe. Ya yi addu'arsa, ya sha ƙwayarsa. In an ce babu magani a asibitin da yake karɓa, ya nemi ofishin hukumar yaƙi da cutar ta jiharsa, kada ya koma gida ya yi shiru.

Sama da mutum miliyan 40 cutar nan ta kashe tun 1981, wasu miliyan 40 ɗin kuma suna raye da ita, fiye da miliyan 30 a cikinsu suna kan magani. A cikin masu karanta wannan rubutun akwai mai sha a ɓoye, akwai wadda aka aurar da ita ba ta sani ba, akwai wanda aka haifa da ita yanzu yana jami'a. Don haka masu tsokaci a ƙasa, ku auna kalamanku, kuma kada wanda ya ambaci sunan kowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.